Nauyin Mota Da Ƙarfin Hanya A Ƙasar Bukkuyum

Duk wanda ya san yammacin Jihar Zamfara ya san hanyar nan da ta rabu da babban titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta bi ta Anka, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, har ta isa Ɗaki Takwas. A can ta kasu biyu, reshe ɗaya ya miƙe zuwa Gummi, ɗaya kuwa ya karkata kudu ya nufi Zuru a Jihar Kebbi. Ta kanta gero da dawa da wake da shinkafa su ke fita zuwa kasuwannin nesa, ta kanta kuma siminti da takin zamani da man fetur da magungunan asibiti su ke shigowa. In ta yanke a wuri ɗaya, ko da kwalbati guda ne ya rufta, to, ƙananan hukumomi uku ne za su ji a jikinsu. Ga shi kuwa a shekarun nan na rashin tsaro ba wanda ya ke so a ce masa ya bar kwalta ya zagaya ta daji.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, ƙasar nan ƙasar ma'adini ce. Cikin watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, sa'an nan cikin Disamba na 2024 ta ɗage hanin. Duk inda haƙa ta tashi daga hannun masu diga da shebur ta koma hannun kamfanoni, manyan injuna na tafe ke nan: katafila, da injin fasa dutse, da manyan janareto, kowanne a bayan tirela. Ko ba don zinariya ba ma, aikin lantarki yana bukatar taransifoma, aikin gada yana bukatar dogayen ƙarafa. Waɗannan kaya tilas ne su wuce, ba kuwa wata hanya da za su bi sai wadda talakawa su ke bi. To, wa zai ba su izni, da wane sharaɗi, wa kuma zai tabbatar an cika sharaɗin? Mun ga ya kamata akawunan hukuma da malaman makaranta su san amsar, don su ne jama'a kan tambaya in abu ya ɗaure musu kai.

KAYA IRI BIYU

Farkon abin da za a riƙe shi ne, kayan da su ke fin ƙarfin hanya iri biyu ne, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Iri na farko shi ne kayan da a ke iya rabawa, kamar hatsi da siminti da taki da yashi da dutsen ma'adini. Buhun masara mai kilo 100, in aka jera 300, tan 30 ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 600 tan 30 ne, buhu 900 kuwa tan 45. Wanda ya ɗora buhu 900 a motar da aka ƙera don 600, ba larura ce ta sa shi ba, so ya yi ya ci kuɗin tafiya ɗaya da rabi cikin tafiya ɗaya. Takardar izni ba don irinsa aka yi ta ba. Maganinsa a sauke rarar, a samo wata mota ta ɗauka.

Iri na biyu shi ne kayan da ba shi rabuwa. Katafila ba a yanka ta biyu, taransifoma ba a zuba ta cikin buhuna. Irin wannan kaya, in ya wuce iyakar da doka ta yanka, shi ne a ke nema wa izni na musamman. Iyakar kuwa ta fuska huɗu ce: nauyi, da faɗi, da tsayin kayan daga ƙasa zuwa sama, da tsawon mota daga goshi zuwa wutsiya. Kowace fuska da irin haɗarinta. Nauyi shi ke karya gada. Faɗi shi ke tura mai babur da mai amalanke cikin rami, musamman ran kasuwa. Tsayi shi ke tsinka wayar lantarki, ya ture ƙofar gari. Tsawo kuma shi ke hana mota shan kwana, ta tsaya ta tare hanya yini guda.

Akawun da ya gane wannan bambanci ya gane rabin aikin. Yawancin ɓarnar da a ke yi da sunan izni daga cakuɗa waɗannan biyu ta ke tasowa, watau a karɓi kuɗi a hannun mai buhu 900 a ba shi takarda, kamar takardar za ta rage wa buhunan nauyi.

LISSAFIN ƁARNA

Mutane da yawa suna tsammani in an ƙara wa mota kaya kaɗan, ɓarnar da za ta yi wa hanya kaɗan za ta ƙaru. Ba haka abin ya ke ba, an kuwa gwada an gani.

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin hanya na Amurka suka yi wani babban gwaji kusa da wani ƙaramin gari mai suna Otawa a Jihar Ilinoi. Suka gina hanyoyi shida masu zagaye, kowane yanki da irin kaurinsa, suka sa sojoji suna ta tuƙa motoci masu nauyi iri iri a kai har shekara biyu, su kuwa suna auna yadda kowane yanki ya ke lalacewa. Abin da suka gano shi ne, abin dubawa shi ne nauyin da ya ke kan kowane aksul, watau ƙarfen nan da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. Suka kuma gano cewa ɓarna tana ƙaruwa ne kamar an ninka ƙarin nauyin a kan kansa har sau huɗu.

Bari mu warware shi da lissafin 'yan firamare. A ce an gina hanya don aksul mai tan 10. In aka ɗora masa tan 20, nauyi ya ninka sau 2, ɓarna kuwa 2 sau 2 sau 2 sau 2, watau sau 16. In tan 15 aka ɗora, ɓarna ta kai kamar sau 5. Ko tan 12 kaɗai aka ɗora, ƙarin da direba zai ce bai taka kara ya karya ba, ɓarna ta riga ta ninka sau 2 da ɗoriya. Ma'anarsa, hanyar da aka yi don ta shekara 20, in kowace mota tana ƙara kashi ɗaya cikin biyar, cikin shekara 10 za ta ƙare. In rabi su ke ƙarawa, da ƙyar ta wuce shekara 4. Bisa wannan lissafi kuma, aksul mai tan 10 in ya wuce sau ɗaya, daidai ya ke da aksul mai tan 1 ya wuce sau 10,000. Ashe ba ƙananan motocin haya ne ke cin kwalta ba, komai yawansu.

Wannan lissafi kimantawa ce, don ƙasa ta bambanta, kwalta ma ta bambanta. Amma shi ne ginshiƙin da injiniyoyi su ke dogara a kai, a cikinsa kuma akwai albishir. Tun da nauyin kowane aksul ne abin dubawa, in aka ƙara wa tirela ƙafafu aka baza nauyin, ɓarna sai ta ragu ƙwarai. Kaya mai tan 60 a kan aksul 4, kowanne tan 15 ya ke ɗauka. A kan aksul 8 kuwa tan 7 da rabi ne. Shi ya sa mai ba da izni na kirki ba ya tsayawa ga tambayar tan nawa ne kayan, sai ya tambayi a kan ƙafa nawa za su hau.

GADA DA KWALBATI DA DAMINA

Hukuncin gada daban ne da na kwalta. Kwalta a hankali ta ke mutuwa, ta fara tsagewa, ruwa ya shiga, rami ya buɗe. Gada kuwa tana ɗaukar nauyin motar duka a lokaci guda, in ya fi ƙarfinta tana iya karyewa nan take, ko kuma ta yi rauni a ɓoye, ta jira wata mota marar laifi ta faɗi da ita. Saboda haka a kan sa wa mai babban kaya sharaɗi ya hau gada shi kaɗai, ya bi tsakiya, ya tafi sannu, kada ya taka birki ko ya tsaya a kanta.

Ƙasarmu ƙasar gulabe ce. Gulbin Zamfara ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma, Gulbin Ka yana kudu, tsakaninsu kuma ga ƙoramu da fadamu ba iyaka, kowace ƙorama da kwalbatinta. Da rani ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta a bushe ta ke, tana da ƙarfi. Da damina, musamman cikin Agusta, sai ta sha ruwa ta yi laushi, nauyin da ta ɗauka cikin Fabrairu ba tare da ta motsa ba ya zama ya fi ƙarfinta. Ruwa kuma yana zaizaye gindin kwalbati ta inda ido ba ya gani. Mutanen Gummi sun ga ƙarfin ruwa a ambaliyar Agusta ta 2024. Bayan irin wannan ambaliya kowace gada abar tuhuma ce sai injiniya ya duba ta.

Iyayenmu sun san wannan. Zamanin En'e an rarrabe hanyar da a ke bi shekara duka da hanyar rani, wadda mota ba ta shiga in ruwa ya sauka. A ƙasashe da dama da Faransa ta mallaka kuma akwai al'adar kafa shingen ruwan sama a hanyar burji, a tsai da manyan motoci har ƙasa ta tsane. Takardar iznin da ba ta faɗi watan da za a yi tafiya ba, ba ta san ƙasar nan ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dā can nauyin kayan ƙasar nan jirgi ne ke ɗauka. Layin dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda cikin 1929, aikin mota shi ne ta kai gyaɗa da auduga tasha. Da jirgi ya ja baya, sai duk nauyin ya dawo kan kwalta, motocin kuma suka yi ta girma. Wannan ne ya tilasta wa hukumomi yanka iyaka.

Cikin 1982 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla yarjejeniya a Kwatano a kan sufurin mota tsakaninsu, suka yanka tan 11 da rabi ga aksul ɗaya. Cikin 2005 ƙasashe masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, har da maƙwabciyarmu Nijar, suka kafa tasu ƙa'idar, wadda ta ba tirela mai aksul 6 iyakar tan 51 duka da duka, ta kuma wajabta wa duk wurin lodin da ke fitar da fiye da tan 200,000 a shekara ya kafa sikelin auna mota. Cikin Fabrairu na 2012 shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka amince da ƙa'ida guda ta girma da nauyin motocin kaya. Nijeriya kuma ta fitar da tata cikin 2018, a ƙarƙashin Dokar Hanyoyin Tarayya, sa'ad da Babatunde Fashola ya ke Ministan Ayyuka. Hikimar da ke cikin waɗannan ƙa'idodi ita ce a kama nauyi tun a wurin lodi, a tashar jiragen ruwa da daffo da masana'anta, don motar da ta riga ta yi tafiyar kilomita ɗari biyar da kayan da suka fi ƙima ta riga ta gama ɓarnarta kafin a tare ta.

Ma'aikata ma akwai su. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa cikin 1988, aka kafa hukumar gyaran hanyoyin Tarayya, watau FERMA, cikin 2002. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana da Kwanturola a kowace jiha, jihohi kuma suna da nasu ma'aikatun ayyuka da jami'an duba lafiyar motoci. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya kan yi ƙaranci shi ne sikeli mai aiki, da littafi mai gaskiya, da mutumin da zai taka ya je ya duba kwalbati da idonsa.

YADDA IZNI NA GASKIYA YA KE

Ƙa'idar da hankali ya yarda da ita ita ce, mai hanya shi ke ba da izni, don shi zai biya kuɗin gyara. Izni na gaskiya kuwa yana da sharuɗɗa da ba a tsallake ko ɗaya.

Na farko, mai kaya ya rubuto tun da wuri, ya faɗi irin kayan, da nauyinsu, da faɗinsu, da tsayinsu, da yawan aksul ɗin motar da tazarar da ke tsakaninsu. Na biyu, a auna a tabbatar, kada a tsaya ga abin da ya faɗa. Na uku, a ambaci hanyar da za a bi gari gari, injiniya kuma ya bincika kowace gada da kowane kwalbati da kowace waya da ke bisa hanyar. Na huɗu, a yanka rana da lokaci, a kauce wa ranar kasuwa, da lokacin tashin 'yan makaranta, da dare, da tsakiyar damina. Na biyar, a sa rakiya gaba da baya, da jan ƙyalle da fitila, a kuma sanar da 'yan sanda da sarakunan garuruwan da za a ratsa. Na shida, mai kaya ya sa hannu cewa in ya yi ɓarna shi zai biya. Na bakwai, iznin ya zama na tafiya ɗaya ko na ƙayyadadden lokaci, kada ya zama takardar da za a ajiye a aljihun mota shekara da shekaru.

A Ingila haka a ke yi. Iyakar babbar mota a can tan 44 ce. Wanda zai wuce wannan da kayan da ba shi rabuwa, sai ya sanar da masu hanya da masu gadoji kwana biyu na aiki kafin tafiya, ya kuma ba su alkawarin biyan ɓarna a rubuce. In ya haura tan 80, sanarwar ta zama ta kwana biyar, 'yan sanda ma sai an gaya musu. In ya haura tan 150, sai da umurni na musamman daga hukuma. Abin lura a nan shi ne, kwanakin nan ba don wahalar da mai kaya aka sa su ba, don mai gada ya sami sarari ne ya buɗe littafinsa ya ga ko gadarsa za ta iya.

TAKARDA KAƊAI BA TA RIƘE GADA

Kada mai karatu ya zaci da an ba da takarda magana ta ƙare. Ran 23 ga Mayu, 2013, wata tirela ɗauke da kaya mai tsayi ta hau gadar Kogin Sikajit a Jihar Washinton ta Amurka, gada mai rumfar ƙarfe a bisa. Motar tana da izninta daidai, tana kuma da motar rakiya a gaba. Amma rumfar gadar ta fi tsayi a tsakiya, ta rusuna a gefe, tirelar kuwa gefe ta bi. Kayan suka daki ƙarfen sama, sai sashe guda na gadar ya rufta cikin kogi tare da ƙananan motoci biyu. Mutum uku suka faɗa ruwa, aka yi sa'a ba wanda ya rasa ransa. Da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gama aikinta cikin 2014, sai ta nuna cewa ba a binciki hanyar yadda ya kamata ba kafin tafiya, mai rakiya ba ta yi aikinta sosai ba, hukumar da ta ba da iznin kuma ba ta gwada tsayin kayan da tsayin gadar ba, ba ta kuma kafa allon gargaɗi ba.

To, in haka ta faru a ƙasar da ke da rubutaccen awon kowace gada, ina ga ƙasar da kwalbatocinta da yawa ba mai littafinsu? Darajar izni tana ga binciken da aka yi kafin a sa masa hannu. In ba binciken, hatimi da tawada ne kawai.

INA ƘARAMAR HUKUMA TA TSAYA

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na Tarayya, da na jiha, da na ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji En'e tun gyaran 1976. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ba ƙaramar hukuma ikon yi wa keke da amalanke da baro da kwalekwale lasin, amma bai ba ta ikon yi wa motar inji ba. Cikin 1998 kuma an yi doka mai lamba 21 wadda ta hana kowa kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Saboda haka igiyar nan da gungumen da wasu kan gitta a bakin gari su ce kuɗin nauyi, ba izni ba ne, ba kuma kiyaye hanya ba ne. Mai kaya ya kan biya ya wuce da nauyinsa cif, ya kuma fanshe kuɗin a kan mai sayen hatsi.

Amma wannan jadawali ɗin dai ya danƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni, da tashoshin mota, da gina hanyoyin cikinta da gyaransu. Nan ne ƙarfinta ya ke. A kasuwa a ke lodin hatsi, a tasha 'yan kamasho su ke ƙidaya buhu. Ko ba sikeli, ƙidayar buhu awo ce, tun da an san nauyin buhu. Hanyoyin ƙauye kuma, waɗanda ke zuwa bakin ramukan ma'adini, su ne mafi rauni, su ne kuma katafila za ta fara takawa in ta bar kwalta.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta ga ƙasar nan. Cikin 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar wannan yanki yana ɗauke da gubar dalma, wadda ta yi sanadin rasuwar yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare a ƙasar Anka. Sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje aka binne, aka kawo mai tsabta, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. Dutsen ma'adini kaya ne mai rabuwa, saboda haka ba shi da hujjar wuce iyaka. Bayan haka kuma tifar da aka cika ta yi tozo tana zubar da gari a hanya, ƙurar kuwa cikin gari ta ke sauka. A nan, hana cika mota fiye da ƙima da tilasta rufe ta da tamfol magana ce ta lafiyar yara, ba ta kwalta kaɗai ba.

AIKIN AKAWU DA NA MALAMI

Ga abin da mu ke gani kowace ƙaramar hukuma daga cikin ukun nan za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba.

Sashen ayyuka ya buɗe littafin gadoji. Kowace gada da kowane kwalbati a ba shi lamba, a rubuta inda ya ke, da faɗinsa, da abin da aka gina shi da shi, da halin da ya ke ciki, da ranar da aka duba shi, da kuma wanda ya mallaki hanyar, ko Tarayya ko jiha ko ƙaramar hukuma. Dagatai da masu unguwanni sun san kowace ƙorama da sunanta, su ne za su yi jagora. A aika da kwafin littafin Gusau, ga Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha da ofishin Kwanturola, don duk wanda zai sa hannu a takardar izni ya san abin da ke gaban motar.

A buɗe littafi na biyu na manyan kayan da suka ratsa: rana, da lambar mota, da irin kaya, da lambar izni, da ofishin da ya bayar. In kwalbati ya tsage bayan wucewar wata mota, a rubuta rahoto a ranar, da shaidu, da hoto. Alkawarin biyan ɓarna ba shi da amfani in ba wanda zai iya nuna yaushe ɓarnar ta auku. Duk kuɗin da doka ta yarda a karɓa kuma a ba da rasit, ya shiga baitulmali.

Malamin makaranta shi ma da nasa rabo. Lissafin nan na 2 sau 2 sau 2 sau 2 darasi ne da ya dace da aji shida da ƙananan azuzuwan sakandare, ya kuwa fi misalin lemo da goro kama hankali, don yaro yana ganin ramin a hanyarsa ta zuwa makaranta. A sa yara su lissafa tan nawa ke cikin buhu 450 na masara, su raba a kan aksul 3, su gwada da tan 11 da rabi. Cikin yaran nan akwai direbobin gobe, da 'yan kamasho, da akawuna, da kansiloli.

GYARA KAYANKA

Mun san abin da masu motoci za su ce. Man gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, hanya ba tsaro, in ba a ƙara kaya ba tafiya ba ta biya. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za mu raina ta ba, don da guminsu abinci ke isa birni. Amma su ma su yi lissafin duka. Nauyin da ya wuce ƙima yana cin taya, yana karya sifirin, yana ƙona birki a gangare, ramin da mota ta haƙa bana kuma ita zai karya wa ƙafa baɗi. Abin da ya fi ɓata musu rai, in an bincika, shi ne a hana wani a ƙyale wani, mai bin doka ya zama shi ne mai hasara. Wannan kuka ne na gaskiya, maganinsa kuwa awo ɗaya ga kowa, motar attajiri da ta talaka, ta kamfani da ta hukuma. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kamfanin da zai kawo katafila kuma ya sani neman izni kariya ce gare shi. Injin miliyoyin naira da ya faɗa ƙorama tare da kwalbati hasararsa ta fi kuɗin jiran mako guda nesa ba kusa ba, balle a zo ga fushin garin da aka yanke wa hanyar asibiti.

Lokacin wannan aiki rani ne, sa'ad da ƙoramu suka ƙafe, mutum ya ke iya shiga ƙarƙashin kwalbati ya ɗaga kai ya duba. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, da sarakunansu, su sa a buɗe littattafan nan biyu kafin ruwan farko ya sauka. Kuɗinsu bai wuce na takarda da man babur ba. Akawun da ya fara cika shafi na ɗaya kuma ya rubuta sunan ƙoramar yadda mutanen wurin su ke kiranta, don wanda zai gaje shi a kujerar ya gane ta.